Tsutsar da ke naɗe ganye a gonakin tuffa na Amurka

Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare a Amurka da Kanada, masana na ce masa Choristoneura rosaceana, wani masanin ƙwari Thaddeus Harris ne ya fara bayaninsa tun 1841. In ka ganshi ya lafe, ruwan ƙasa da ratsi a karkace, wallahi ba za ka ce yana iya sa manomi kuka ba. Ɓarnar duk tsutsarsa ce ke yi.

Macen na zuba ƙwai a saman ganye, tari ɗaya sai ya kai 200, in sun ƙyanƙyashe tsutsar koriya ce mai baƙin kai, sai ta fitar da zare irin na gizo-gizo ta jawo bakin ganyen ta naɗe ta shige ciki abinta, kana taɓawa ta ja da baya ta sulalo ƙasa a jikin zaren. Abin da ya fi bani tausayi shi ne yadda take manna ganye a jikin tuffa tana gurzar fatar daga ƙarƙashi. Ba ta ma shiga ciki sosai fa, tabo kawai, amma wa zai sayi tuffa mai tabo a shago? Sai dai a kai kamfanin jus a sayar da arha, wahalar shekara guda kenan.

Da sanyi ƙananan tsutsotsin na ɓuya a tsagar ɓawon itace, bishiya na fara toho su fito. Yawancin wurare sau biyu suke hayayyafa a shekara.

A da, manoman jihar New York sun daɗe suna feshi da magunguna masu ƙarfi irin su azinphos-methyl, to ganyen da ta naɗe yana kare ta, waɗanda suka tsira kuma suka haifi masu jurewa, ga maganin yana kashe ƙananan zanzaro da ke cinye ta. Ni a ganina nan aka yi asara babba.

Yanzu da yawa tarko suke ratayawa mai ƙamshin macen, a ƙirga mazan da suka faɗa, a lissafa da zafin gari a gane ranar ƙyanƙyasa, sannan a fesa irin su Bt, maganin da ake yi da wata bakteriya mai kashe tsutsa, tun tsutsar na ƙarama ba ta gama naɗe ganye ba. Suna kuma rage 'ya'yan da suka cunkushe wuri ɗaya, don tsakanin tuffa biyu da suka manne nan ta fi son ɓuya.