Kullun waina da wutar murhu: wanne ne mai rai?

A daren Lahadin da ta wuce 'yata, wadda take ajin farko na babbar sakandare, ta zauna a tsakar gida tana haddar siffofin abu mai rai da taƙaitaccen rubutun nan da malamai suka daɗe suna koyarwa, MR NIGER D, wanda kowane harafinsa yake wakiltar sunan siffa guda a Turanci: motsi, numfashi, cin abinci, jin abin da ke kewaye, girma, fitar da ƙazanta, hayayyafa da mutuwa. Ta iya su tsaf. Sai na tambaye ta ko wutar da ke ci a murhun mahaifiyarta tana da rai, tunda ita ma tana cin itace, tana buƙatar iska, tana girma, tana barin toka da hayaƙi, tana tsallakawa ta haifar da wata wutar, kuma a ƙarshe mu Hausawa cewa muke yi ta mutu. Ta yi jim, sannan ta ce, "Abba, wannan ba ya cikin littafinmu."

Amsar kuwa tana kusa da murhun, cikin robar kullun waina da aka rufe tun bayan la'asar. Abin da ya raba kullun da wutar shi ne ƙwayar halitta, wadda Turawa ke kira sel. Duk wani mai rai, daga kuka har sauro, ko dai ƙwayar halitta guda ne, ko kuma tarin ƙwayoyi ne da suka haɗu suna aiki tare. Wuta ba ta da ko ɗaya. Yis ɗin da aka barbaɗa a kullun kuwa, kowane ɗigonsa cunkus yake da halittu masu ƙwaya ɗaya, ƙanana ƙwarai har sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita guda. Suna cin sukarin da ke cikin kullun, suna fitar da iskar kabon wadda ke kumbura shi, kuma kowace tana tsiro da ƙaramin ƙullutu a gefenta wanda zai girma ya ɓalle ya zama wata sabuwa. Duk mai sana'ar waina a Kano ta san cewa da hunturu kullu ba ya tashi da wuri sai an matsar da shi wuri mai ɗumi, ta kuma san tafasasshen ruwa yana kashe yis, ko da ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba. Yawancin siffofin da 'yata ke haddacewa suna cikin robar nan.

Idan aka duba ƙwaya guda da madubin ƙara girma, za a ga tana kama da gida mai katanga. Akwai siririn tantani da ya kewaye ta, wanda yake tantance abin da zai shiga da abin da zai fita, kamar yadda zaure yake a gidan Bahaushe. A ciki akwai ruwa mai kauri inda ayyuka ke gudana, da wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya masu sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Sai cibiyar ƙwayar, inda aka adana bayanan gado, waɗanda a jikin mutum suke ƙunshe cikin zarurruka 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. A nan ne wuta ta gaza, domin ba ta da wani bayani da take gadar wa wutar da ta haifar. Ƙwayar tsiro tana da ƙarin bango mai tauri, ta ganye kuma tana da koren sinadarin da ke haɗa abinci da hasken rana.

Wanda ya raɗa wa ƙwayar suna shi ne Robert Hooke na Ingila, a 1665, da ya ga wasu ƙananan ɗakuna a jikin ɓawon itace. Amma wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan, domin ɗan kasuwar yadi ne, irin waɗanda muke gani a Kantin Kwari, kuma da hannunsa ya riƙa goge gilasai har ya hango halittu suna iyo a ɗigon ruwa a shekarun 1670. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk da ƙwayoyi aka gina su, sannan a 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa ƙa'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa. Wannan ilimi bayanin aikin jiki yake yi. Batun ruhi kuwa al'amarin Ubangiji ne, madubi ba ya kai wa can.

Akwai ƙwayoyin da suka fi yis ƙanƙanta kuma ba su da cibiya, wato bakteriya, waɗanda muka saba jin sunansu a asibiti kawai, abin da nake ganin rashin adalci ne gare su. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. A marinar Ƙofar Mata ma, idan aka zuba baba da toka a rami aka bar shi kwanaki, bakteriya ne ke sauya babar har ta narke ta iya kama zare, shi ya sa yadi yake fitowa kore-kore sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi.

Da safe 'yata ta dawo mini da tata tambayar, ko geron da ke cikin buhu a ɗakin ajiya yana da rai, alhali ba ya motsi ba ya girma. Na ce ta jiƙa tsaba goma a auduga, ta tafasa wasu goma ta jiƙa su daban. A kwana na uku bakwai daga cikin ɗanyun sun fasa sun fitar da saiwa, dafaffun kuwa sun fara wari.