Minti 40 ban bar ƙasa ba

Jiya da daddare na zauna gaban kwamfuta zan tashi daga Kano zuwa Legas a Microsoft Flight Simulator, wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama, da Boeing 737 na PMDG, kamfanin da ke sayar da jiragen wasan. Minti 40 jirgi ko motsi bai yi ba.

Da can jirage masu sauƙi nake tuƙawa: danna Ctrl da E, injuna su kama, sai sama. Wannan kuwa na fara shi a mace, komai a kashe. Ka kunna batir, ka tayar da APU, ƙaramin injin nan na wutsiya, ka murɗa makunnan IRS biyu, na'urorin gano wuri, zuwa inda aka rubuta NAV ka jira su gane inda jirgi yake, ka shigar da hanya da nauyi a FMC, kwamfutar jirgin. Duk na yi, inji ya ƙi. Ashe ban buɗe iskar APU ba, ita ke fara juya injin. Makunni ɗaya tak a saman kaina!

Ƙanena na ta dariya, wai da kuɗina na sayi wahala. Ban musa ba, ranar da na dawo aiki a gajiye mai sauƙin zan hau. Amma da injin dama ya fara ruri, har tafi na yi.

Ina hawa titin tashi aka ɗauke wuta.