Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Aka Yanke Sifili Huɗu

Makon jiya mun tsaya a inda Alhaji ya damƙa mini makullan sitonsa na unguwar Aboabo a Kumasi, ni kaɗai Kirista cikin yaransa. An yi ta surutu a Zango, shi kuwa ko a jikinsa.

A watan Yuli na 2007, zamanin Shugaba Kufuor, Bankin Ghana ya yanke wa sidi, kuɗin ƙasar, sifili huɗu, tsohuwar 10,000 ta koma sabuwa 1. Har ƙarshen Disamba tsoffin takardu da sababbi tare suke yawo a hannun mutane. Wanda bai zauna Kumasi a lokacin ba ba zai gane ruɗanin ba. Baki yana faɗin miliyan, hannu yana ƙirga ɗari. 'Yan dako ma sai sun tambaya sau biyu kafin su karɓi ladansu.

Cikin wannan hali Alhaji ya tafi Makka, ya bar mini littafi da akwatin kuɗi.

Wata tsohuwa mai sarin shinkafa daga Techiman ta aiko direba da kuɗin bashinta, ƙunshe a baƙar leda. Ana binta tsohuwar 500,000, wato sabuwa 50. Da muka kwance, sabuwa 500 ce cif. Yaron da ke rubuta rasit ya tura ƙofa da ƙafa, ya rage murya.

"Yaya, rabo ne. Ita ba ta sani ba, Alhaji ba ya nan."

Ban yi masa tsawa ba. Na san albashinsa, na san matarsa na da tsohon ciki. Na ce ya rubuta 50, ragowar 450 mu ƙirga tare, mu sa hannu mu biyu. Na tuna masa da Yusufu a gidan ubangidansa a Masar, labarin da shi ma ya sani tun yana makarantar allo. A ganina shugaban da ya ci haram tare da yaronsa ya gama ba shi umarni har abada.

Amma riƙon amana bai tsaya kan akwati ba, yaran ma amana ne a hannuna. Daren nan na rubuta sunayen waɗanda albashinsu bai motsa ba tun kafin canjin kuɗi, na ajiye takardar sai Alhaji ya sauka.

Washegari da asuba na hau motar Techiman da ledar a cikin riga. Abin da tsohuwar ta yi mini a tsakiyar kasuwa, sai mako mai zuwa.