Bishiyar tawa ce, gatarin ne ba nawa ba

Katangar bayan gidana ta tsage tun daga ƙasa har kusan rabi, kuma ban sha wahalar gano mai laifin ba. Saiwar bishiyar da mahaifina ya dasa ce ta kutsa ƙarƙashin ginin. Sai na kira mai sara. Da ya zo, ko injin bai sauke daga mota ba, ya zaro tef ya zagaya gindin, ya duba lamba, ya ce: "Yallaɓai, wannan sai da takardar izini."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Fili nawa, takardun mallaka da sunana, ganyen da take zubarwa ni nake sharewa kullum, sannan a ce sai na roƙi wani kafin in taɓa ta?

Haushin ne ya sa na kwana ina karanta yadda ake yi a wasu wurare, sai na ga ashe ba ni kaɗai aka ɗaure wa hannu ba. A Toronto ta Kanada, duk bishiyar da faɗin gindinta ya kai santimita 30, in an auna a tsayin mita 1.4 daga ƙasa, ba a sare ta sai birni ya yarda, ko da a tsakar gidanka take. A Berlin kewayen gindin suke aunawa: santimita 80 a tsayin mita 1.30, kodayake sun cire yawancin itatuwan marmari daga dokar. Jamus ma ta hana yi wa shingen tsirrai aski mai tsanani daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, saboda tsuntsaye na kan ƙwai. A Ingila kuwa, tun dokar tsara birane ta 1947 ƙaramar hukuma ke da ikon ɗora wa bishiya guda umarnin kariya, ko reshe ba za ka datse ba sai da amincewarta. In unguwarku na cikin yankunan da ake adanawa saboda tarihinsu ko tsarin gine-ginensu, sai ka ba da sanarwar mako shida kafin ka fara aiki.

Abin da ya sauko da ni ba dokar ba ce, maƙwabciyata ce. Da ta ji labari ta leƙo ta ce, "Baban yara, ɗakin da nake kwana fa inuwarta ce ke rufe shi da rana." Shekaru muna zaune, ban taɓa lura rabin inuwar a gidanta take sauka ba. Haka ruwan saman da saiwar ke shanyewa, da an sare ta, kan titi zai gangara.

Duk da haka akwai inda dokar take cizo na. Kowa na shan inuwa, amma kuɗin gyaran katanga da na masanin da zai rubuta rahoto daga aljihun mutum ɗaya suke fita. Kuma dokar da ta dogara da awo tana koya wa mutane wayo: mai gida ya ga bishiyarsa na dab da kai ma'auni, sai ya kwantar da ita tun kafin ta shiga hannun hukuma. Ni kaina tunanin ya ɗarsa mini game da 'yar ƙaramar da ke bakin ƙofa, kuma na ji kunyar hakan.

Na dai cike takarda, na haɗa da hotunan tsagar. Jami'in da ya zo dubawa ya ƙwanƙwasa gindin, ya ce lafiyarta lau, don haka ba maganar sarewa. An ba ni izinin yanke saiwa ɗaya da rage rassa biyu da suka rufa kan rufi, da shawarar a binne shinge a ƙasa don karkatar da sauran saiwoyin. Magini zai zo ranar Asabar, ya ce a ja sabuwar katangar baya da taku biyu.