Ranar da na buɗe kwalbar sitiroberi

Asabar, Dadin Kowa, Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Ruwan bokiti da asuba kamar daga firji aka ciro shi, sai da na ɗora tukunya kafin mu yi alwala. Da yara suka tafi Islamiyya na ce bari in leƙa kwalbata da ke sito, yau kwananta tara.

Sitiroberi ne a ciki, kilo biyu. Yanzu ne lokacinsa, daga Disamba har wajen Maris, ana kawo shi daga gonakin Chaha ta wajen Vom. In yamma ta yi, wanda ya fara laushi masu sayarwa kan karyar da shi, don ba ya kwana biyu lafiya. Irin wannan na saya. Niyyata in haɗa khal da hannuna, domin khal tuffa na kanti ya yi tsada, ni kuwa ba na rabuwa da shi wajen wanke ganye, haɗa salak da jiƙa nama. Na wanke 'ya'yan, na murje su, na zuba sukari kofi ɗaya da tafasasshen ruwa da ya huce, saboda sinadarin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da ake buƙata. Sai na ga ƙananan ƙudajen nan masu bin kayan marmari sun fara kewaya, na ɗauko murfi na ɗaure bakin kwalbar tam.

Ina murɗa murfin yau sai na ji "fuuu", kumfa ta taso har ta zubo mini a hannu. Wani wari ya bugi hancina, mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai. Ban taɓa shan abin ba, amma na san ba warin khal ba ne. Gabana ya faɗi. Na mayar da murfin, na wanke hannu da sabulu, na zauna a kan turmi ina kallon kwalbar.

Mutum ɗaya ce ta faɗo mini a rai, Mama da muke katanga ɗaya. 'Yar Berom ce, Kirista, shekararmu goma sha ɗaya tare. Dadin Kowa tana cikin unguwannin Jos da har yanzu za ka ga masallaci da coci a layi guda, bayan rikice-rikicen da suka raba wasu unguwanni tun 2001, kuma ina yi wa Allah godiya a kan haka duk lokacin da na shiga gidanta ba tare da sallama mai tsawo ba. Na naɗe kwalbar a zani na kai mata.

Ta sunsuna sau ɗaya ta ɗago kai. "'Yata, wannan ai ya zama giya. Rufe shi kika yi?"

Na ce, "Eh Mama, saboda ƙuda."

Ta ce, "To abin da ya jawo ke nan. Zo ki gani."

Ta kai ni bayan kicin ɗinta. Akwai jarka mai lita biyar, an huda murfinta an sa siririn tiyo, ɗaya bakin tiyon yana cikin kwalbar ruwa, yana ɗan fitar da kumfa ɗaya bayan ɗaya. Wayin ɗinta ne na abarba, wato giyar 'ya'yan itace, bara ta fara koya bayan ta yi ritaya. Mahaifiyarta ta yi sana'ar burkutu da dawa, don haka warin ba baƙo ba ne a wurinta, amma na 'ya'yan itace sabon abu ne gare ta ita ma. Ta ce mako guda take barin 'ya'yan da sukari da yis, ta tace, ta juye a jarka, ta bar shi fiye da wata har kumfar ta tsaya, ruwan ya kwanta ya yi garau. Tiyon nan aikinsa ya bar iskar ciki ta fita, ya hana ta waje shiga. Ta kuma ja mini kunne sosai: kwalbar da aka ɗaure ba mafita tana iya fashewa, gilashi ya yanki yaro. Jikina ya yi sanyi, don autana yana yawan shiga siton nan neman ƙuli-ƙuli.

A nan na gane abin da ban gane ba a bidiyon haɗa khal da na kalla. Aikin hawa biyu ne. Yis, wanda dama yana nan a bawon kowane ɗan itace, shi ke cin sukari ya fitar da sinadarin maye da iskar da ta yi mini "fuuu". Bayansa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cin wannan sinadarin su mayar da shi tsami, amma su sai da iska suke aiki. Ni na toshe musu iska, na kuma ajiye su a sito mai sanyi, alhali sun fi son ɗumi wajen digiri 25 zuwa 30. Jos kuwa tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, daren Janairu ba ya kusantar wannan ɗumin. Da na dawo na duba waya, na ga tun shekarun 1860 Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, ya nuna cewa halittu masu rai ne ke mayar da giya khal. Abin da Mama ke tsoro ya sami jarkarta, shi nake nema ya sami kwalbata.

Kuma ya taɓa samunta. Ta jawo wata roba daga ƙarƙashin tebur, ta ce haɗin farko da ta yi ne, murfin ya tsage ba ta sani ba, iska ta shiga wata uku. Na leƙa. Tsami ya doki idona har ya kawo ruwa, a samansa kuma ga wani abu mai santsi, fari-fari, shimfiɗe kamar tantani. Uwar khal ke nan, wato tarin ƙwayoyin da ke kawo tsamin, wadda nake ta gani a hoto. Ta ce ta rasa yadda za ta yi da shi, goge tayil take yi da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukunci. Da Baban yara ya dawo daga azahar na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya kira limamin masallacinmu ya sa a sifika.

Na ce, "Allah gafarta Malam, khal na yi niyya, ga abin da ya fito."

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya fara da hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Sannan ya kawo na Anas, shi ma a Muslim, da aka tambayi Annabi ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Ya ce giyar da ta juye da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan halaccinta. Wadda mutum ya riƙe da gangan yana sarrafa ta don ta juye, nan ne aka yi saɓani, Hanafawa sun halatta, wasu sun hana. Shawararsa ita ce in zubar da wannan, in sake sabo, in zuba khal a kan ruwan 'ya'yan tun ranar farko, yadda magabata suka koyar, don kada ya tsaya a matsayin abin maye. Na tambaye shi na Mama fa? Ya ce in dai da kansa ya juye, kuma ya gama zama khal, ba laifi.

Na ji daɗin yadda ya kawo saɓanin bai ɓoye ba. Da na so, da na kama maganar Hanafawa na ceci kilo biyuna. Amma na san kaina, duk ranar da na zuba shi a salak ɗin yara sai raina ya yi ƙaiƙayi. Na kai kwalbar bayan gida na tuttular. Ruwan ja wur, kyakkyawa, ya bi rariya. Ya yi mini ciwo, kuɗi ne da wahala, kuma kwana tara ina ɗokinsa.

Bayan la'asar na fita titi na samo kilo ɗaya, yau ba mai laushi sosai ba, na biya yadda aka ce. Na wanke kwalbar da ruwan zafi. Na murje 'ya'yan, sukari rabin kofi, ruwan da ya huce, sannan kofi guda na khal ɗin Mama da yankin uwar, wadda ta yanko mini da cokalin katako, don ta ce ƙarfe ba ya shiri da tsami. Ban cika kwalbar ba, na bar sarari a sama saboda iska. Bakin kuma na rufe shi da ƙyallen tatar koko, na ɗaure da roba, ƙuda ba zai shiga ba, iska za ta shiga. Yis zai yi nasa aikin dai, amma yanzu ƙwayoyin tsamin suna nan suna jira, yana fitarwa suna cinyewa.

Sito ya fita daga lissafi. Na ɗora ta a saman kanta kusa da bayan firji inda ɗumi ke fitowa, inda hannun auta ba zai kai ba. Kullum da safe zan juya da muciya ƙarama in danna 'ya'yan ƙasa, don wanda ya taso ya sha iska shi ke yin fumfuna. Bayan mako guda in tace, sannan jira na mako huɗu zuwa shida, wataƙila fiye a wannan sanyin.

An ɗauke wuta tun magariba, firjin ya yi shiru. Na naɗe jikin kwalbar da tsohuwar rigar sanyin Baban yara, na bar bakin a buɗe. Mama ta aiko jikarta ta ce in ta yi, in ɗebo mata kaɗan ta ɗanɗana a kan kabeji.