Esin Rufi da Tayoyin Gaba

Laraba, da dare.

Yau a kan motarmu mai ɗakin kwana na wuni, domin matsaloli biyu ne suka taru mata: esin da ke kan rufi yana aiki amma ɗakin ba ya yin sanyi, sannan motar tana karkata zuwa dama da zarar an sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya.

Da esin na fara tun da sassafe, kafin rana ta gasa rufin. Irin wannan mota na'urorin sanyi biyu gare ta, kuma ba abin da ya haɗa su. Na gaban direba injin mota ne ke juya kwamfuresonsa da bel, kuma ana iya ƙara masa gas, wanda a yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2010 shi ne R-134a. Na kan rufi kuwa, mai ƙarfin BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki), da wutar janareta ko ta soket yake aiki, kuma a liƙe yake fitowa daga kamfani, ba a bar masa kafar zuba gas ba. Saboda haka shawarar nan ta "a ƙara masa gas", wadda kowa ke saurin bayarwa, ba ta da wurin zama a nan.

Da na kunna shi, fanka ta tashi, jim kaɗan kwamfureso ya kama da ƙararsa mai nauyi, abin da ya wanke kafasita, wato 'yar na'urar da ke tara wuta don taimaka wa kwamfureso ya tashi, daga zargi. Da ita ce ta mutu, da gurnani kawai zan ji sannan ya yanke, kuma na ji daɗin cewa ba ita ba ce, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an cire soket. Ma'aunin zafi ne ya tona asirin: iskar da ke shiga tana kan digiri 29, wadda ke fitowa tana kan 25, alhali lafiyayyen esi yakan ba da tazarar digiri 10 ko kusa da haka. Na kwance murfin silin, sai ga matatar iska ta toshe da ƙura, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasan bututun sanyi, sannan soson da ke raba iskar sanyi da mai komawa ciki ya saɓule ya kwanta gefe. Ashe sanyin a cikin akwatin yake ta kewayawa, bai taɓa isa ɗakin ba. Na bar fanka ita kaɗai har ƙanƙarar ta narke, na wanke matatar, na liƙe soson da tef na alminiyam, kuma da na sake aunawa tazarar ta kai digiri 11.

Da rana na kai motar wurin bakaniken manyan motoci. Kafin ya ɗauko kowane ma'auni ya ce, "Yallaɓai, kawo hannunka," ya sa na shafa saman tayar gaba daga waje zuwa ciki, sannan na dawo. Ta ɗaya gefen sumul, ta ɗayan kuwa zanen tayar yana kartar tafi kamar haƙoran zarto. Wannan alama ce cewa tayoyin biyu ba su fuskanci gaba daidai ba. Ana so gabansu ya ɗan matso juna da abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba a irin wannan mota, kuma lissafin yana da ban tsoro: kuskuren milimita 3 a tayar da tsayinta ya kai santimita 75 yana nufin ana jan tayoyin a kaikaice kimanin mita 4 a kowace kilomita.

Sai dai wannan kuskure taya yake ci, ba kasafai yake karkatar da mota ba. Karkata tana zuwa ne daga bambancin iskar taya, ko birki mai kamawa, ko kamba, wato jinginar saman taya ciki ko waje, ko kuma kasta, wato kwanciyar da sandar juyawar taya take yi zuwa baya, wadda ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ya daidaita iska, ya musanya tayoyin hagu da dama, muka zagaya, motar ba ta fasa halinta ba. Na'ura ta nuna kastar dama ta gaza ta hagu, kuma mota takan bi ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Da ya ɗaga ta a jak ya girgiza tayar, kan tayarod ɗin dama, wato sandar da ke isar da juyin sitiyari ga taya, shi ma yana wasa.

Na ce, "To Malam, sai a gyara yanzu." Ya ƙi, kuma hujjarsa ta gamsar da ni. Ba a yin alaimen, wato saita kusurwoyin tayoyi, a kan tayarod mai wasa, ba a kuma yin sa motar tana wayam, domin nauyi yana sauya zaman sifirin, shi kuma ya sauya kusurwoyin. Tankinmu na ruwa lita 150 ne, wato kilo 150, kuma a bayan tayoyin baya yake, don haka idan ya cika yana rage nauyin da ke kan gaba. Mun tsayar da ranar Juma'a: zan zo da tanki cike da kayan tafiya a mazauninsu, shi kuma zai canza tayarod, ya cusa siririn ƙarfe mai kaifin baki tsakanin sifirin da aksul, wato ƙarfen da tayoyin ke ɗaure a kansa, don gyara kastar, sannan ya saita fuskar tayoyin a ƙarshe.