Daga Akihabara Zuwa Osaka da Game Boy Uku a Jaka

Ƙanena ne ya tarye ni a filin jirgin Narita, kuma tun kafin mu kai Tokiyo ya gane ba shi kaɗai na zo gani ba. Ya ce, "Yaya, wai da gaske duk wannan nisan saboda abin wasan yara ka yi shi?" Na ce masa na zo duba lafiyarsa da karatunsa, abin wasa kuwa ratse ne. Bai yarda ba. Ni ma ban yarda ba.

Abin da nake nema sunansa Game Boy Light, wani ƙaramin injin wasan bidiyo da ake riƙewa a hannu. Kamfanin Nintendo ya fitar da shi a watan Afrilun 1998, a Japan kaɗai ya sayar da shi, kuma shi ne Game Boy na farko da ya zo da haske a sikirinsa tun daga masana'anta. Duk wanda ya girma da tsohon Game Boy, wancan mai kauri kamar bulo da ya fito a 1989, ya san abin da ya sa wannan zai ja mutum tsallaka teku. Sikirinsa ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Da rana sai ka bi taga, da dare sai ka bi fitila, in kuma an kashe fitila sai ka cije tocila a baki cikin bargo, yawu na zuba, wuya na ciwo.

Washegari muka sauka a tashar Akihabara da ke cikin Tokiyo ta ƙofar da ake kira Garin Lantarki. Manyan gine-gine masu allunan talla ba su dame ni ba. Abin da ya kama ni shi ne wasu lunguna a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda rumfuna suke jere, kowace ba ta fi mutum ɗaya ya zauna a ciki ba. Wannan ba ya sayar da komai sai makunnai, na kusa da shi wayoyi kawai, na gaba ƙananan ƙwayayen fitila cikin ɗaruruwan akwatuna masu girman gidan ashana. Jirgi na wucewa a sama, rufin na rawa, babu mai ɗaga kai. A nan muka sayi ƙarfen narka dalma da sukudireba mai baki uku, domin Nintendo ba ya ɗaure kayansa da irin sukurun da kowa ke da mabuɗinsa a gida. Dattijon da ya sayar mana ya dubi sukudireban, ya dube ni, ya ce "Gemu boi?" Na gyaɗa kai. Ya yi wata 'yar dariya ta wanda ya ga irinmu da yawa, ya ƙara mana 'yar dalma a cikin ledar.

Game Boy Light ɗin kuwa mun same shi a hawa na uku na wani shagon tsofaffin wasanni, cikin akwatin gilashi mai kwaɗo, ruwan zinariya, yana kwance kamar kayan gadon sarauta. Lokacin da ya fito yen 6,800 ne kuɗinsa. Kuɗin da na gani a jikinsa ranar ya sa na mayar da hannu aljihu na bar shi a can. Mai shagon dai ya yi mana kara, ya sa masa batir biyu ya kunna. Wani haske ne mai laushi, tsakanin kore da shuɗi, irin na tsofaffin agogunan hannu. Na kalla na kusan minti guda, na yi godiya. Kallo ya ƙare.

Abin da aljihuna ya iya yana can ƙasa, cikin kwandunan roba da aka rubuta wa "janku", wato kayan da shago bai ɗauki alkawarin suna aiki ba, in ka saya ka saya. Na tsugunna ina tono. Na fito da tsofaffin Game Boy guda uku, duk robarsu ta koma ruwan ɗorawa saboda shekaru. Ɗaya ba shi da murfin batir, ɗaya an rubuta wani suna a bayansa da rubutun yaro, ɗaya kuma sikirinsa na da layuka a tsaye inda hoto ya ɓace. Niyyata in sa musu haske da hannuna, ƙanena kuma ya riga ya yi odar farantan haske, waɗanda ake zurawa a bayan sikirin, ta intanet, an kai ɗakin wani abokin karatunsa a Osaka. Can za a yi aikin.

Muka hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, zuwa Kiyoto, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna. Na zauna ta hannun dama domin a nan ake ganin Dutsen Fuji, na sa kaset ɗin Tetris, wasan jera tubala, a mai sunan yaron, wanda shi ne lafiyayye a cikinsu. Da hasken taga ya faɗa masa sai na tuna abin da na manta: wannan sikirin yana son rana. Ɗigo 160 a kwance, 144 a tsaye, launi huɗu kacal daga kore mai haske zuwa mai duhu, amma kowane tubali ya fito ras. Sai jirgi ya kutsa cikin ramin dutse. Akwai fitilu a cikin jirgin, amma nan take hoton ya dushe, na shiga karkata hannu ina farautar haske kamar mai tarar ruwan indararo. Bayan garin Atami ramukan suna da tsawo. Tubala suka taru suka kai sama, wasa ya mutu. Fujin ma gajimare ya rufe shi, ban ga komai ba sai gindinsa.

Kiyoto garin Nintendo ne. A nan Fusajiro Yamauchi ya kafa kamfanin a 1889 yana buga katin wasa da ake kira hanafuda, shekara ɗari cif kafin Game Boy. Sun buɗe gidan tarihi a garin Uji, kusa da Kiyoto, a watan Oktoban 2024, amma da ƙuri'a ake samun tikiti, mu kuwa ba ta faɗo kanmu ba. Muka je muka tsaya a bakin titi muna kallon hedikwatarsu, wani farin gini mai kusurwa huɗu da ba a shiga, wanda in ba don sunan da ke samansa ba sai ka ce ma'aikatar inshora ce.

A tsaye a wurin na riƙa tunanin Gunpei Yokoi, injiniyan da ya jagoranci ƙera Game Boy. Mutane kan ɗauka rashin haske gazawa ce ta zamanin, kamar ba a iya ba ne. An iya. A shekarar da Game Boy ya fito kamfanin Atari ya fitar da nasa injin wasan hannu, Lynx, mai launi da haske, a 1990 kuma kamfanin Sega ya kawo Game Gear, shi ma haka. Sai dai 'yar doguwar fitilar da ke bayan sikirinsu mayunwaciya ce: Game Gear na cin batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy kuwa batir huɗu ke kai shi kwanaki ana wasa. Yokoi ya yi imani da amfani da tsohuwar fasaha mai araha wadda aka riga aka san halinta, a nemo mata sabon aiki. Ya zaɓi duhu da gangan, kasuwa kuma ta ba shi gaskiya. Ya rasu a hatsarin mota a 1997, bai ga Game Boy Light a kanti ba. Kamfanin ma bai yi gaggawar sauya ra'ayi ba, domin Game Boy Color na 1998 da Game Boy Advance na 2001 duk a duhu suka zo. Sai da masu wasa suka gaji, har wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fara sayar da kayan haske mai suna Afterburner a 2002 mutane na farke injinansu suna sawa, sannan a 2003 aka fitar da Advance SP mai fitila.

Osaka ba nisa. Ɗakin abokin ƙanena bai fi shimfiɗa uku ba, teburinsa kuma guntu ne, a ƙasa ake zama. Muka buɗe taga saboda hayaƙin dalma, muka baje kaya.

Ga yadda abin yake. A bayan gilashin sikirin akwai wata leda mai sheƙi kamar madubi, manne da wata leda mai tace haske. Hasken waje ne ke shiga ta gaba, ya bugi madubin, ya dawo idonka ɗauke da hoto. Idan kana son haske ya fito ta baya, dole madubin nan ya tafi. Ba a kwance shi, ɓare shi ake yi, da reza, daga kusurwa, alhali gilashin yana rataye da allon injin ta wasu faffaɗan wayoyi biyu masu kaurin takarda, ɗaya a ƙasa ɗaya a gefe. Ba za ka iya ɗaga gilashin sosai ba. Ɗan tsagi kawai kake da shi na zura yatsa, ga gam mai shekara talatin da wani abu ya riƙe kamar ya rantse.

Na fara da wanda ba shi da murfin batir. Minti ashirin ina ja a hankali, ledar na ƙara kamar ana yage tsohon filasta. Da na ga ta kai rabi sai zuciya ta ce a gama. Na fizga. Ban ji ƙarar komai ba, amma da muka mayar da batir, layuka a kwance sun ratsa sikirin daga gefe zuwa gefe. Wayar gefe ta tsage. Ƙanena ya ɗauka ya juya shi, ya ce, "Yaya, wannan kam sai dai a yi masa addu'a." Layin tsaye yana gyaruwa, na kwance kuwa da wuya ya dawo. Injin da ya tsallake shekaru sama da talatin da hannun yara, a hannuna ya ƙare cikin daƙiƙa ɗaya. Na tashi na tsaya a taga na ɗan lokaci.

Na biyu, mai layukan tsaye, ƙanena ya ce shi zai riƙe gilashin ni in ja. Ya fi awa guda. Bayan ledar ta fita muka bi ragowar gam da auduga da sifirit har gilashin ya zama garau, kana ganin yatsanka ta cikinsa. Layukan kuma muka bi da kan ƙarfe mai zafi a hankali a kan wayar ƙasa, inda haɗin ya saki, suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Muka zura farantin haske, muka like wayoyinsa biyu da dalma, muka kunna.

Fari fat. Haske kawai, babu hoto. Sautin nan na kunnawa ya yi, "tilin", alamar injin na da rai, amma sikirin wayam. Gabana ya faɗi. Abokin ƙanena, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya miƙo sabuwar ledar tace haske da muka manta a cikin ambulan. Ina zura ta sai ga rubutu ya bayyana kamar an kira shi. Na juya ta kwata, hoton ya kife, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. A kan wannan kifewar masu gyara suka gina wata dabara: su sa 'yar aisi, wata ƙaramar ƙwayar lantarki, mai lamba 74HC04 ta juya saƙon hoton tun daga cikin injin, su kuma juya ledar, juyi biyu ya mayar da hoto daidai amma baƙinsa ya fi kauri. Mun sa ta. Ƙafafunta ƙanana ne har sai da na ajiye girman kai na bar wa yara.

Wajen ƙarfe biyu na dare muka kashe fitilar ɗakin. Mu uku, ƙarti, muka haɗa kai a kan wani abu mai girman tafin hannu yana haska mana fuska. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ina yaro.

Da hantsi muka je filin da ke kewaye da Fadar Osaka, na zauna a benci na fito da biyun da suka rage. Rana tsaka. Wanda muka yi wa aiki ya zama abin tausayi, haskensa bai kai ya yi gardama da rana ba, madubin da zai taimake shi kuma yana kwandon shara. Mai sunan yaron kuwa, da ban taɓa ba, sai ƙyalli yake. Na yi niyyar shi ma in farke shi in na samu wani farantin. A bencin nan na fasa. Masu gyara na yanzu ma da yawa sun wuce nan, suna cire sikirin gaba ɗaya su sa na zamani irin na waya, mai kaifi da launuka. Yana da kyau, ban musa ba, amma ni a idona wannan sabon inji ne sanye da rigar tsoho. In za a yanka, a yanka wanda ya riga ya jikkata, kwandunan janku cike suke da su.

Kuɗi sun ja baya, don haka komawa Tokiyo bas ɗin dare muka hau, tafiyar kusan awa takwas. Ni kuwa har murna nake, ga dare ga hanya ga Game Boy mai haske. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake tafiyar dare a Japan. Muna fita gari aka ja labule aka rufe tagogi ruf, direba ya yi sanarwa da murya ƙasa-ƙasa, aka kashe fitilu. Duhu ya yi duhu, shiru ya yi shiru, ko tari mutum sai ya yi shawara. Na rage sauti har ƙarshe, na tura makunni.

Kai ka ce walƙiya aka yi. Rufin bas ya haska, wata mata a ɗaya gefen ta motsa ta gyara abin rufe idonta. Ƙanena ya damƙe mini hannu, ya raɗa, "Yaya, don Allah kashe. Sanarwar da aka yi ke nan fa, ko waya ba a so a kunna."

Na kashe. Na zauna da shi a cinya, yana da ɗumi, har muka wuce wurin hutawa na farko. Can da na ji numfashin mutane ya daidaita, sai na warware ɗan bargon da ake ajiye wa kowane fasinja, na lulluɓe kaina da shi har gwiwa, na tattare gefe da gefe kada ko ɗigo ya tsere, na sunkuya. Wuyana ya fara ciwo tun kafin in jera layi goma. Ban fito ba sai da na ji bas na rage gudu a Shinjuku.